Daga Maigatari zuwa bakin kogin Atbara

A farkon shekarar 2023 na tashi daga Maigatari zuwa Sudan, daidai lokacin da canjin takardun naira ya tara kowa a layin banki. Abu biyu ne suka kai ni. Sana'ata riɗi, kuma duk mai wannan harka ya san sunan Gadarif, domin masu saye daga waje da nasu suke auna namu. Na biyun zumunci ne. Wan kakana ya bar gida a ƙafa da niyyar aikin Hajji tun Turawa na mulki, shi da matarsa da jaki ɗaya, aka yi ta jiran dawowarsa har waɗanda suka san fuskarsa suka ƙare. Wani yaron unguwarmu da ke karatu a Hartum ne ya haɗu da ɗalibi Bahaushe ɗan jihar Gadarif, hira ta yi hira, ɗalibin ya faɗi sunan kakansa da garin da ya fito a ƙasar Gumel. Daga nan aka fara musayar saƙon murya a WhatsApp, har dattijon da ya rage cikin 'ya'yan marigayin ya ce shi ba ya zumuncin waya, a turo mutum ya gan shi da idonsa.

Daga Kano zuwa Hartum tafiyar kamar awa huɗu ce a jirgi. Na sauka a unguwar Ingaz, inda Hausa ke tashi a kowane lungu, na yi rajistar baƙi, na karɓi takardar izinin fita zuwa jihohi. Mai masaukina ya sa na yi mata hoto da yawa, ya ce kowane shinge zai riƙe guda. Dala ɗaya a lokacin tana kusan fam 580, kuɗin Sudan. Da daddare ya kai ni wurin masu agashe, wato tsirenmu ne da ƙuli da yaji, wanda Hausawa suka koya wa Sudan har ya zama abincin kowa.

Da asuba muka shiga babbar mota a tashar Mina al-Barri, na biya fam dubu goma sha biyu. Hanya ta bi gefen Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, ta ratsa gonakin Jazira da magudanansu har Madani. Bayan gadar Hantub muka miƙa gabas, muka wuce duwatsun Fau, sai ƙasa ta sauya launi. Baƙar laka ce shimfiɗe iya ganinka, babu tudu babu gari, sai karan dawa da aka girbe da garken raƙuma suna kiwo a ciki. A shingayen shiga jiha akan sauke baƙo shi kaɗai, a rubuta sunansa a babban littafi, sauran fasinja su jira. Ba wanda ya yi tsaki. Da na dawo mota wani dattijo ya miƙo mini dabino, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri.

A Gadarif ɗan Baffa, dattijon nan da ya ce a turo mutum, ya tarye ni. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa. Ya kai ni wata lokanda, wato masaukin baƙi, kusa da kasuwa, inda ake jera gadajen igiya a tsakar gida, gado ɗaya fam dubu uku, ka kwana kana kallon sama. Garin na fama da ƙarancin ruwa, amalanken jakai ne ke yawo da shi a ganga.

Kasuwar amfanin gona ita ta tsayar da ni. Mu a gida dillali ne zai damƙi riɗi, ya murza a tafin hannu, ya hura, a yi ciniki da tiya ko da buhu. A can gwanjo ake yi a zaune: a kawo samfur daga kowane tari, a ba shi lamba, attajirai su yi ta ɗagawa, a sayar da ƙintari, wanda ya kai kusan kilo 45. Manomin da ake kira manomi a nan mai fadan dubu ne, fadan ɗaya kuwa ya ɗan haura eka. Tun shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a Gadambaliya, kusa da garin, abin ya yi ta faɗaɗa har ya cinye dazuzzuka. Amma duk tarin injin nan, riɗi da lauje ake yanke shi, kuma idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwanso zai buɗe ya zube. Shi ya sa kowace kaka dubban 'yan ƙwadago ke tsallakowa daga Habasha. Yaya ya ce mini in riƙe wannan a raina, don duk rigimar da zan ji labarinta a ƙauye, da riɗi ta fara.

Kafin mu nufi gida sai da muka bi ta Gallabat, garin da ke kan iyakar Sudan da Habasha, yana da kayan da zai karɓa. Tafiyar kamar kilomita 155 ce a kan kwalta, ta Doka. Ni ɗan bakin iyaka ne, na tashi ina ganin mutanen Nijar suna koro shanu kasuwarmu ta ranar Alhamis, yarenmu ɗaya, surukanmu ne, turakun iyaka kuma suna nan inda aka kafa su ba mai musu a kai. Na ɗauka abin da zan gani ke nan. Gallabat da Matamma ta Habasha gari ɗaya ne da wani busasshen rafi ya raba, da 'yar gada a kai wadda ba ta fi taku kaɗan ba. Amma a wancan gefen rubutu daban, kalanda daban, har agogo daban. Mata na tsallakowa da buhunan kofi da tafarnuwa a ka, ana shiga da sabulu da man girki. Yaya ya ce gadar nan ba a yi mata alkawari, a tsakiyar 2022 ma an rufe ta bayan Sudan ta zargi Habasha da kashe mata sojoji bakwai, sannan aka sake buɗewa.

A rumfar wata mai jabana, kofin nan mai citta da ake zubawa daga ɗan tulun yumɓu, muka zauna da wani tsohon malamin makaranta. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya gyara zama. Ya ce garin nan mutanen yamma ne suka kafa shi tun ƙarni na 18, Takarir, mahajjata daga Darfur da Wadai da abin da ya yi gaba, waɗanda suka dawo daga Makka suka ga kasuwa suka zauna. Shehunansu sun rayu ne da biyan haraji gida biyu, su ba Turkawan Masar, su ba sarakunan Habasha, don kowanne na cewa garin nasa ne. Da Mahadi ya bayyana, shehunsu Salihu Shanga ya ƙi bin sa, ya koma ɓangaren Habasha. Ya nuna mana tudun da ke bayan gari, ya ce a wannan fili ne aka gwabza a watan Maris na 1889, Ansaru, mabiyan Mahadi, ƙarƙashin Zaki Tamal, Habashawa ƙarƙashin sarkinsu Yohannes na Huɗu. Habashawa sun kusa cin gari sai harsashi ya sami sarkin, runduna ta watse, aka kai kansa Umdurman. A 1940 kuma sojan Italiya suka kama Gallabat a watan Yuli, Ingila ta dawo da yaƙi a Nuwamba. Ya ƙirga mini tutocin da aka taɓa kafawa a kan tudun nan, yatsun hannu ɗaya ba su isa ba.

Mai jabanar Bahabashiya ce, tana jin Larabci sarai. Da hira ta kai kan Fashaga, ƙasar noman da Sudan da Habasha ke jayayya a kanta, sai ta sa baki. Ta ce a can aka haifi 'ya'yanta, mijinta ya yi shekara fiye da ashirin yana noma fili ɗaya, shi ya sare dajin da hannunsa, rana ɗaya a ƙarshen 2020 aka ce su fita, suka bar dawa a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, tana magana tana fifita gawayi. Yaya bai ce mata komai ba. Sai da muka shiga mota ya ce, filin da take faɗa, wataƙila na wani ne a garinsu.

Daga Doka muka bar kwalta, muka hau bayan boksi, irin a-kori-kurar nan, fam dubu biyar kowa, tare da buhunan sukari da jarkokin dizal da wata tsohuwa mai kaji. Hanya babu ita, sawun tarakta kawai ake bi. Lakar ta dare, tsagar da ƙafar yaro za ta shige har gwiwa, motar na tafe tana tsalle. Direba ya ce wannan ai daɗi ne, da damina ko tarakta sai ta kafe, gari ya yi wata da watanni ba mai shiga ba mai fita. Itatuwan aduwa da dushe ne jefi-jefi. A shingen ƙarshe jami'in ya daɗe yana juya fasfona, ya ce takardata ta jiha ce, ba ta bakin iyaka ba. Muka zauna a inuwar motar har rana ta karkata, sai da aka sami shehun ƙauyen a waya ya ce baƙonsa ne, ya ɗauki nauyina, sannan aka ɗaga igiya.

Mun isa ana kiran magariba. Bukkoki ne masu tsinin jinka, kowane gida da dangar kara, masallaci kaɗai ne na bulo. Baffa na zaune a kan buzu a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama fuskata da hannu biyu ya juya ta wajen hasken fitila, ya daɗe yana kallo.

"Goshin gidanmu ne," in ji shi. "Ɗana, ka sha hanya. Ina mutan gida? Wa ya rage?"

Na fara lissafa masa, duk sunan da na kira na mamaci sai ya ce Allah ya jiƙansa, ko da bai taɓa ganinsa ba. Hausarsa tsohuwar Hausa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, sai dai lissafi da sunayen ranaku da duk abin da ya shafi hukuma da Larabci yake yi. Na fito da tsaraba, goro da yaji da daddawa. Inna, matarsa, ta ɗauki daddawar ta shinshina, ta kira kishiyarta da surukai su zo su ji. Babu ɗorawa a ƙasar, da 'ya'yan yakuwa suke yin tasu. A daren aka yi tuwon dawa miyar busasshiyar kuɓewa da kifin kogi, aka sa tawa daddawar, aka aika wa maƙwabta kwano-kwano. Da safe kisra ce, falalen gurasar dawa, da shayin madara, da rana kuma godogodo mai tsami.

Labarin garin a hankali na same shi, wani a bakin Baffa, wani a bakin liman, wani a majalisar bayan la'asar inda kowa ke gyara wa ɗan'uwansa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, garin da nake zaune a ciki ba shi ne garin ba. Na ainihi yana tsallaken kogi, a gabas.

Wanda ya kafa shi wani malami ne da aka goyo shi daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Jama'ar da ta tsira ta bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. A can malamin ya girma. Da wuri ya yi musu kaɗan sai ya ɗebi almajiransa da wasu masunta, suka yi ta tafiya har bakin Atbara, suka nemi izini wurin naziri, basaraken yankin, aka ce ga daji nan, in za su iya. Liman ya ce dajin a lokacin kura da zaki ne, ga kuma kala'azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa daga tsagar laka, wanda har gobe yana kashe yara a yankin. Makiyaya Larabawa na zuwa da rani su tafi, ba mai yarda ya yi damina a wurin. Hausawa suka yi. Suka shuka kabewa da kuɓewa da albasa a gaɓar da ruwa ya janye, suka kama kifi, suka sare daji suka zuba dawa, daga baya riɗi. Ba sa riƙe shekaru da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa: sun ce lokacin da jiragen Italiya ke wucewa ta kansu zuwa Gallabat, masallacin garin ya riga ya tsufa har an sake masa jinka.

A shekarar Burmi ɗin nan dai, 1903, wani hafsan Ingila, Manjo Charles Gwynn, yake bin dajin nan yana tara duwatsu a matsayin alamar iyaka, bisa yarjejeniyar da Ingila ta ƙulla da Sarki Menelik ranar 15 ga Mayu, 1902. Layin nasa ya bar Fashaga a cikin Sudan. Habasha kuwa ta daɗe tana cewa shi kaɗai ya yi aikinsa, babu wakilinta a wurin. A 1972 ƙasashen biyu suka yi musayar takardu, aka amince da layin, aka ce za a duba batun manoma a sake kafa alamomi. Har yau ba a kafa ba. Tarin duwatsu a daji kuwa, mai tarakta ɗaya ya isa ya kawar da shi.

Mahaifin Baffa daga baya ya zo. Ya yi shekaru a hanya, yana noma a Barno, yana dako a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, yana tsinkar auduga a Jazira, inda aka haifi Baffa. Ya samu ya tsallaka Bahar Maliya ta Sawakin ya sauke farali, ya dawo da niyyar wucewa gida, guzuri ya ƙare. Ya ji labarin garin Hausawa a bakin kogi inda ƙasa ke neman mai noma, ya ce bari ya yi damina ɗaya.

Wata rana bayan sallar isha'i Baffa ya sa jikansa ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardu ƙunshe a leda, an ɗaure da tsumma. Rasiɗan ushiri ne, harajin amfanin gona, tun na zamanin Turawa masu tambarin gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar, da na bayan 'yancin kai a 1956, wasu sun yi ja, gara ta ci gefensu. Ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ba ya karatun boko amma ya san kowacce da kamanninta. Wannan ta shekarar fara ce, wannan ta shekarar da aka haifi Yaya. Ya ce sau biyu takardun nan suka yi masa aiki. Na farko da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, domin dokar 1957 cewa ta yi sai wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar mutanen Burmi da duk wanda ya biyo bayansu a waje, sai daga baya aka sassauta. Ya yi ta zarya Gadarif ana ce masa Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi, ana tambayarsa yaushe zai koma. Na biyu kuma da jami'ai suka zo tattara hujjar cewa gabashin kogi ƙasar Sudan ce. Ranar nan, in ji shi, har gida aka biyo shi, aka ɗauki hoton kowace takarda.

"Ka gani, ɗana," ya ce, "ranar da ake neman shaidar ƙasa, mu ne shaida. Ranar rabon ta kuwa, mu baƙi ne."

Ban sami abin ce masa ba, kuma har yanzu maganar na ci mini rai. Watanni kaɗan kafin zuwana, a Yulin 2022, rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu, aka kashe mutane fiye da ɗari, a Oktoba aka sake yin wanda ya fi shi muni a Wad al-Mahi. Hujjar masu ƙin ita ce Bahaushe ba shi da ƙasa. Akwai iyalai biyu a garin da suka gudo daga can. Mutumin da kakansa ya shiga dajin da kowa ke gudu, ya binne 'ya'yansa saboda kala'azar, ya biya haraji tun kafin a ɗinka tutar ƙasar, ban san wace hujja ta rage ya kawo ba.

Yadda suka rasa tsohon garin kuwa, kogin ne sila. Atbara da rani yaro ma na tsallaka shi a wasu wurare, amma daga Yuni zuwa Oktoba, ruwan duwatsun Habasha na saukowa ya cika shi ya yi ja, ya yanke gabashinsa daga sauran Sudan gaba ɗaya. Ta ɓangaren Habasha kuwa fili ne a buɗe. Wato lokacin noma, wanda ke da iko da gonar shi ne wanda zai iya isa gare ta. Tun Baffa na saurayi manoman Habasha suka fara gangarowa, ana zaune lafiya, ana ba su aro, ana cin kasuwa ɗaya, shi kansa yana jin Amharanci. Ya kuma faɗi abin da ba kowa ke son faɗa ba, cewa manyan attajiran birni da ke riƙe da takardun filaye su ne suka riƙa ba da haya ga Habashawa suna karɓar kuɗi suna kwance a gida. Abin ya lalace ne bayan 1995, da aka kai wa shugaban Masar Husni Mubarak hari a Addis Ababa aka zargi gwamnatin Hartum. Dangantaka ta yi tsami, tsaro ya janye daga gabashin kogi, 'yan bindigar da suke kira shifta suka samu fili. Su kwashe shanu, su jira a gama yankan riɗi su zo da mota, su kama mutum a gona sai an biya fansa. Da ya faɗi haka na ce masa, Baffa, ai wannan Zamfara kake ba ni labari. Ya ce yana ji a rediyo, kuma duk lokacin da ya ji sai ya ce waɗannan mutane za su tashi, don su ma haka suka yi ta cewa ba za su tashi ba. Daren da aka harbe ƙanen liman a ƙofar rumbunsa, da gari ya waye suka fara ɗaure kaya. Suka tsallako yamma, suka kafa bukkoki a kan ƙasar da aka ara musu, daga inda suke hango hayaƙin masu noma gonakinsu.

A 2008 gwamnatocin biyu suka yi wata fahimta, Habasha ta yarda da layin, Sudan ta bar manoman Habasha su ci gaba da noma. Ba wanda ya tambayi mutanen garin. Haka aka zauna har Nuwamban 2020, da yaƙin Tigrai ya ɓarke, sojan Habasha suka karkata can, 'yan gudun hijira suka kwararo ta Hamdayet aka kai su sansanin Um Rakuba. A Disamba sojan Sudan suka tsallaka suka karɓe mafi yawan Fashaga, a 2021 suka gina gada a Wad Koli don kada damina ta sake yanke su.

Na roƙa a kai ni tsohon garin. Shehu ya nemo izini, aka haɗa mu da soja ɗaya, Baffa ya ce ƙafarsa ƙafata duk da 'ya'yansa sun hana. Muka tsallaka a kwalekwale, fam ɗari biyar, wani yaro na tuƙi da gora, ruwan kore shar ya kwanta. Daga gaɓa tarakta ta ɗauke mu. Abin da na tarar fili ne fetal na kututturen riɗi, babu kango, babu ko tubali. Shekara ashirin da biyar na garmar tarakta ta shafe komai. Can gefe akwai gidajen kwano da Habashawa suka gina, da wani ɗan coci a rufe, sojoji sun kafa tanti a kusa.

Baffa ya sauka ya tsaya yana waige-waige. Sai ya nufi wata tsamiya, ita kaɗai ce babbar itaciya a wurin, ya dafa ta, ya juya bayansa gare ta ya fuskanci alƙibla, ya fara taku yana ƙirgawa a hankali. Ya tsaya ya ce nan ne masallaci. Ya karkata dama ya ƙara tafiya, sandarsa na nutsewa a tsagar ƙasa, har ya kai wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba. Ya tsuguna ya tona da yatsa, ya fito da ɓallin tukunya, irin wanda ake kafawa a kan kabari. Ya ce maƙabarta ke nan, mahaifinsa na nan, malamin da ya kafa gari na nan, 'ya'yansa uku na nan. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, sojan ma ya rataya bindigarsa ya ɗaga nasa. A hanyar dawowa Baffa ya ce wanda ya nome maƙabartar bai san maƙabarta ba ce, amma wanda ya bar tsamiyar ya san abin da ya yi, don duk sauran itatuwa an tumɓuke.

Sun koma noma a can tun daminar 2021, amma kwana ba sa yi. Su tafi da safe a ƙungiya, su dawo kafin duhu. Matsalar da ta taso yanzu ta cikin gida ce: filayen da aka karɓo, masu kuɗi da masu hanya a birni na nuna takardu a kansu, mutanen gari kuma hujjarsu tsamiya da rasiɗan ushiri. Samari na son a koma a sake gina garin, dattawa na cewa a bari a ga inda iska za ta kaɗa. Ina can Firaministan Habasha Abiy Ahmed ya ziyarci Hartum ya gana da shugaban mulkin sojan Sudan Janar Burhan, ranar 26 ga Janairu. Majalisa ta kewaye rediyo. Da aka gama labarai ba a ambaci kafa alamomin iyaka ba, sai liman ya naɗe buzunsa ya tafi alwala. Yaya kuma abin da ya dame shi lebura ne, don tun da aka yi rikicin 'yan ƙwadagon Habasha suka ragu, kuɗin yanka ya hau, bara riɗinsa da yawa a ƙasa ya zube.

Ranar da zan taho Inna ta cika mini jaka da busasshen kifi da garin kuɓewa da riɗin gonar tsallake, Baffa ya ba ni ɗaya daga cikin rasiɗan mahaifinsa, ya ce in kai gida a nuna wa dangi inda ɗan'uwansu ya tsaya. Na biyo hanyar da na zo, Doka, Gadarif, Madani, Hartum, ba wani abin faɗa sai ƙura da shingaye.

Ban daɗe da dawowa ba yaƙi ya ɓarke a Hartum, ranar 15 ga Afrilu. Gadar Gallabat ta cika da masu gudu zuwa Habasha, da Madani ta faɗi a Disamba kuma jama'a suka kwararo Gadarif har makarantu suka zama masauki. Ɗalibin da ya haɗa mu ya koma ƙauye, karatu ya tsaya. Waya takan yi makonni ba ta shiga. A saƙon da Yaya ya samu ya turo mini bayan damina ta sauka, ya ce dizal ya gagara, ba wanda ya iya ɗaukar tarakta, gidansu kuma akwai baƙi iyali huɗu daga Jazira. Duk da haka sun tsallaka sun yi shuka da sungumi, iya abin da hannu zai iya, dawa suka fi zubawa a daminar saboda bakunan da za a ciyar. Ya ce Baffa na gaishe da kowa, yana tambaya ko an sami wanda zai zo da goro.